Mita 400 ta yi wa nakasassu kaɗan a gasar ninkaya

Jama'a, akwai wani tsari a wasannin nakasassu na duniya, wato Paralamfik, da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A gasar ninkaya, tsere mafi tsawo da ake ba su shi ne mita 400. Daga nan an rufe ƙofa. A Olamfik kuwa akwai mita 800, akwai 1,500, ga kuma ninkayar dogon zango ta kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa kamar kogi ko teku, wadda aka shigo da ita tun 2008. Ni a ganina wannan raini ne, ko da masu tsarin ba da niyyar raini suka yi shi ba.

Ga wanda bai saba kallo ba, salon da nake magana a kai shi ne firistayil: mutum ya kwanta rub da ciki yana sarar ruwa da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai ya shaƙi iska. Ana kasa 'yan wasa rukuni-rukuni. S1 zuwa S10 na masu nakasa a jiki ne, kamar rashin hannu ko ƙafa, shanyewar gaɓoɓi ko wadanci, kuma ƙaramar lamba ita ce nakasa mafi tsanani. S11 zuwa S13 na makafi da masu raunin gani ne, S14 na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ita kanta mita 400 ɗin ba kowa ke samunta ba. 'Yan S5 zuwa ƙasa a mita 200 suke tsayawa.

Duk mai cewa jikinsu ba zai ɗauka ba, ya je ya karanta tarihin Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu. A watan Fabrairun 2001, tana da shekara 17, mota ta buge ta a kan babur a Cape Town bayan ta fito daga atisaye, aka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan, a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2002 a Manchester, sai ga ta a zagayen ƙarshe na mita 800 tare da masu ƙafa biyu. A 2003 kuma, a Abuja, lokacin wasannin Afirka da aka fi sani da COJA, ta lashe zinare a mita 800 ɗin nan, kuma duk waɗanda ta kayar lafiyayyu ne. A gidanmu aka yi wannan, amma mutum nawa ne a cikinmu suka san da shi?

Ba ta tsaya nan ba. A 2008 ta zo ta huɗu a gasar duniya ta kilomita 10 a Sebiya ta ƙasar Sifen, abin da ya ba ta gurbi a Olamfik ta Beijin. Can ta zo ta 16, tazarar da ke tsakaninta da Larisa Ilchenko ta Rasha wadda ta ci zinare ba ta kai minti ɗaya da rabi ba, a tseren da ake shafe wajen awa biyu ana yi. Ba ƙafar roba, ba komai, domin doka ba ta yarda ba. Makonni kaɗan bayan haka ta shiga Paralamfik a wannan birnin, ta kwashe zinare biyar, amma mafi nisan da aka bar ta ta yi shi ne mita 400. Matar da ta gama kilomita 10!

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, doguwar ninkaya ta fi gajera yi wa mai ƙafa ɗaya adalci. A mita 50 ko 100, tsallen farko da bugun ƙafa da ƙarfi su ne rabin aikin. Da nisa ya ƙaru, sai lissafi ya canza. Ƙwararrun masu dogon zango da kansu rage bugun ƙafa suke yi, saboda cinyoyi na cin iska da yawa amma turin da suke bayarwa kaɗan ne. Hannuwa da kafaɗu da huhu su ne ke jan jiki, ƙafa aikinta ta hana ƙugu nutsewa. Inda mai ƙafa ɗaya ke asara sosai shi ne wajen juyawa a bango, inda ake dunƙulewa a tokari bango da ƙafafu. A kwami mai tsawon mita 50, mai yin mita 800 zai juya sau 15, mai yin 1,500 sau 29. A kogi ko teku kuwa babu bango ko ɗaya. Ka ga ke nan ba mamaki a buɗaɗɗen ruwa du Toit ta kai Olamfik. Wato dai fagen da nakasassu suka fi iya goga kafaɗa da kowa, shi ne aka hana su a gasarsu.

Na san hujjar masu tsarin, kuma ba ta banza ba ce. A Faris 2024 an yi tseren ninkaya har 141 masu lambar yabo cikin kwana goma, saboda kowane rukuni da nasa, maza daban mata daban. Mita 1,500 na cin sama da minti 14 ko a hannun gwanayen duniya. Idan aka ce kowane rukuni sai ya yi, jadawalin ba zai ɗauka ba, masu talabijin ma za su yi ƙorafi. Sannan za a ce masu yin dogon zango ba su da yawa. To yaya za su yi yawa? Wane koci ne zai ɓata shekara huɗu yana horar da yaro kan tseren da babu lamba a cikinsa, wace gwamnati ce za ta zuba kuɗi? Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Irin wannan jan ƙafa aka yi wa mata: sai a gasar Tokyo da aka yi a 2021 suka fara yin mita 1,500 a Olamfik, alhali maza sun fi shekara ɗari suna yi. Katie Ledecky ta Amurka ta ci, kuma ban ji wanda ya ce kallon bai yi armashi ba.

Abin dariyar ma, a Paralamfik ɗin nan dai akwai wasan haɗaka na ninkaya da keke da gudu tun Rio 2016, kuma ninkayar cikinsa mita 750 ce a buɗaɗɗen ruwa. An yarda nakasasshe ya yi mita 750 sannan ya hau keke ya yi kilomita 20, ya sauka ya ƙara kilomita 5, amma asalin ɗan ninkaya an ce ya tsaya a 400. Masu keken guragu kuma gudun fanfalaki na kilomita 42 suke yi.

Ba sai an ba kowane rukuni nasa ba. A haɗa rukunai makusanta, a ce S8 zuwa S10, su yi mita 1,500 ɗaya ta maza ɗaya ta mata, a auna kowa da maki gwargwadon rukuninsa kamar yadda ake yi a wasu gasanni. A ƙara kilomita 5 a ruwan da 'yan haɗaka ke amfani da shi, tunda jiragen ceto da alƙalai suna nan a wurin. Tsere huɗu ke nan a kan sama da ɗari da arba'in, kuma hukumar ninkayar nakasassu ta duniya, World Para Swimming, na da isasshen lokacin tsara su kafin gasar Birisben ta 2032.