Rokar fiyushan: a saka kuɗi, amma a bar yi mana alkawarin gobe

Kumbon New Horizons na NASA ya tashi a 2006, bai isa Pluto ba sai 2015, kuma da ya isa ko tsayawa bai yi ba, hotuna ya ɗauka ya wuce abinsa. Ba a son ransu ba ne, man taka birki ne babu. Rokokin yanzu ƙona mai suke yi, ka ƙara mai ka ƙara nauyi, nauyin kuma shi ma sai ya ci nasa man.

Shi ya sa ni dai ina tare da masu binciken fiyushan, wato haɗe ƙananan ƙwayoyin zarra irin na haidurojin su koma hiliyam, abin da rana ke yi har take haske. Mai ɗan kaɗan, ƙarfi mai ban mamaki. A riƙe iskar gas mai azabar zafi da ake yin fiyushan ɗin a cikinta da maganaɗisu, a bar ta ta riƙa fita ta baya tana tura kumbo wata da watanni, ga wutar lantarki kuma daga injin ɗaya, wanda can bayan Jupiter sola ba ta iya bayarwa don hasken rana ya yi rauni sosai. Tunanin ba sabo ba ne, tun 1973 masana a Ingila suka fara zana irinsa a shirin Daedalus, a Princeton ta Amurka ma an jima ana gwada ƙaramin inji.

Amma fa inda nake rabuwa da kamfanonin da ke cewa saura ƙiris ke nan. A Disamba 2022 cibiyar Livermore ta Amurka ta harba leza 192 kan ɗan ƙwayar man fiyushan, makamashi megajul (ma'aunin makamashi ne) 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito, nasara ce ta gaske wallahi, sai dai wutar da lezojin suka zuƙa ta kusa ninka abin da ya fito sau ɗari, ginin kuma ya kai filin ƙwallo uku. Wa zai ɗaga wannan sama? Ga zafi, a sararin samaniya babu iska babu ruwan sanyaya inji, dole a ɗora manyan faifayen fitar da zafi, da garkuwar kare 'yan sama jannati daga niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu illa ga jiki da fiyushan ke fesowa, duk nauyi ne. Hiliyam-3, nau'in hiliyam da in aka yi man injin da shi zai rage niyutiron ɗin, kuwa da ƙyar ake samunsa a doron ƙasa.

Don haka gwamnatoci su ci gaba da biyan kuɗin binciken, kar a yanke shi, amma duk kamfanin da ya zo da ranar zuwa Mars a fara tambayarsa tan nawa injinsa yake, kuma minti nawa ya taɓa yi a kunne.