Shamuwa Ta Iso, Amma Ba Ita Ke Kawo Ruwa Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Duk mai taka ƙasa a Marwa ta arewacin Kamaru kwanakin nan ya san zafi ya kai maƙura. Afrilu ke nan, ana haura digiri 40 da rana, kogin Mayo Kaliyawo ya zama rairayi zalla, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa, masu neman ruwa na tona rami su zauna jiran ya tsattso. Kowa ka gaisa da shi sai ya ce "ya zafi?" To a cikin wannan zafin ne Allah ke fara aiko da bushara, sai dai mu idonmu na kan waya.

Gobe in ka fito daga sallar asuba, ɗan rage sauri. Dubi kukar nan da ta yi wata da watanni tsirara. A bakin rassanta za ka ga 'yan toho kore shar, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Tsamiya ma ta fara sabon ganye. Gawo kuwa nasa tsarin daban ne: shi da ya yi rani lulluɓe da ganye, awaki na tsintar 'ya'yansa, yanzu ne yake shirin kakkaɓe ganyen, dawar da za a shuka a gindinsa ta samu rana da taki. Wa ya koya masa? Iskar da ta saba zuwa daga arewa maso gabas da ƙura, da yamma sai ka ji ta juyo ta kudu da ɗan danshi, gumi ya fara danƙo a jiki. Ga kuma shamuwa ta baro kudancin Afirka, tana jidar ƙirare tana gyara sheƙa a itacen tsakiyar ƙauye, ba ta shakkar kowa.

Allah Yana cewa a Suratu Yusuf, aya ta 105, da yawa ayoyi a sammai da ƙasa da mutane ke wucewa ta kansu suna masu kau da kai. Muna karanta ayar sai mu ɗauka da wasu can ake.

Amma fa a kula. Tsofaffinmu sun san lissafin damina, suna duba shamuwa, suna duba kaza da 'ya'yanta a sama, yau kuma ga masu hasashen yanayi a rediyo. Sanin lokaci da waɗannan ba laifi ba ne. Inda ake zamewa shi ne zuciya ta jingina ruwan gare su. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu bin Khalid cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (SAW) ya yi sallar asuba ya juyo ya shaida wa sahabbai abin da Ubangiji Ya ce: wanda ya ce an shayar da mu da falalar Allah da rahamarSa, shi ne mai imani da Shi, wanda kuwa ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa, ya kafirce maSa ya yi imani da tauraro. Shekara nawa shamuwa ta zo, aka yi binne, ruwan ya noƙe, iri ya ƙone a ƙasa?

Hadari ma ba kowanne ake yi wa guɗa ba. Nana A'isha ta ce idan Annabi ya ga gajimare sai fuskarsa ta canja, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka hankalinsa ke kwanciya. Yana tuna Adawa ne, mutanen Annabi Hudu, da suka hango girgije suka ce ga mai shayar da mu nan, ashe azaba ce. Mutanen Kusiri da Yagwa da Njamena, da suka ga ambaliyar 2022 da ta 2024, ba sa buƙatar dogon tafsiri a nan.

Manomi dai ba ya ganin alamun nan ya koma ya miƙe ƙafa. Sharar gona yake, ya kai taki, ya duba iri. Mu na cikin gari fa? Kwatar ƙofar gidanka cike take da leda da toka, ruwan farko zai kwashe su ya toshe ta maƙwabci, ka ce ƙaddara ce. Wannan ba tawakkali ba ne, Malam, cutar da maƙwabci ce. A unguwarku akwai tsohuwa ko gidan marayu da katangarsu ta tsage tun bara, rufinsu na yoyo. Matasa biyar da cebur da laka, wuni guda ya ishe su, kuma yanzu ake yi, tun ƙasa na bushe.

Ku koya wa yara addu'ar saukar ruwa kafin ranar ta zo, gajeriya ce: "Allahumma sayyiban nafi'an." Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da fari da ambaliya. Amin.