Can yaro yana zana kakarsa, a Jos muna yaga masa takarda

Shekara shida ke nan ina zaune a Maleshiya, a wani gari da ke gefen Kuala Lumpur. Karatu ya kai ni, aiki ya riƙe ni. Da ƙaramar Sallar da ta wuce na kwashi iyali muka zo gida Jos, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya faru ne a tsakar gidan yayana a Unguwar Rogo, kwana uku bayan Sallah.

Muna zaune a tabarma ana shan kunun gyaɗa, sai na ji ihun Yaya daga ɗaki. Ya fito riƙe da littafin lissafin ɗansa, ɗan aji biyar, yana kaɗa shi kamar ya kama ɓarawo. Gaban littafin lissafi ne, bayansa kuwa shafi bakwai cur zane ne da biro: wani yaron katun na Japan mai gashi tsaye kamar ƙaya, wani na Amurka mai agogo a hannu, da wata mota mai fuka-fuki. Yaya ya ce, "Kuɗin makaranta nake biya ko kuɗin shirme?" Ya fizge shafukan ya watsar. Yaron bai yi kuka ba, ya dai sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarsa a siminti. Na tsinci takarda ɗaya na duba. Wallahi yaron ya iya zana hannu, yatsu biyar kowane da gaɓarsa, an dunƙule su kamar za a kai naushi. Duk wanda ya taɓa gwada zane ya san hannu ne ke tona asirin mai koyo.

'Yata mai shekara bakwai ta matso ta raɗa mini, "Abba, me ya yi?" Ita a makarantarsu, in ka yi zane mai kyau manna shi ake a bango da sunanka a ƙasa. Na rasa amsar da zan ba ta.

A Maleshiya akwai wani katun da ake kira Upin & Ipin. In ka ce ba ka san shi ba a can, kamar ka ce a Jos ba ka san kasuwar Taminus ba ne. Wasu tagwaye ne 'yan shekara biyar masu ƙwalƙwal ɗin kai, ɗaya da rigar ruwan ɗorawa, ɗaya da shuɗiya. Marayu ne, suna zaune a ƙauye tare da yayarsu mai faɗa da kakarsu mai haƙuri. An fara nuna shi a watan azumin 2007, kashi shida kacal, kowane bai fi minti biyar ba, kuma duk labarin bai wuce yadda yara ke koyon azumi ba: tashin sahur da barci a ido, leƙen agogo da la'asar, tarawihi, zuwa kabarin iyaye da safiyar Sallah. Daga wannan ɗan abin ya bazu har Indonesiya, inda ake son sa kamar ma a can aka haife shi. Yau shekarunsa sun doshi ashirin, kuma tagwayen suna nan a ajin rainonsu, ba su ƙara ko taƙi ɗaya ba.

Katun ɗin bai ba ni mamaki kamar yadda manya suka ba ni ba. Akwai wata abokiyar aikina, mace mai 'ya'ya uku da digiri na uku, da na taɓa gani ta ajiye cokali a kantin abinci tana musu da wani kan dalilin da ya sa yayar tagwayen ta cika faɗa. Ita ta ce yarinya ce da aka ɗora wa rainon ƙanne tun ba ta gama girma ba, shi ya ce masifa ce kawai. Suka kwashe rabin awa a kai. A intanet kuwa abin ya fi haka: me ya kashe iyayen yaran, me ya sa gashinsu ba ya fitowa, wa zai auri wa in sun girma. Masu zane suna ɗaukar tagwayen su girmar da su, wannan ya mai da su sojoji, wancan ya zana su sun zama magidanta suna tsaye a bakin kabarin kakar tasu. Na ga irin wannan zanen na ƙarshe a wayar wani direban tasi, ya sa shi a fuskar wayar.

A 2020, lokacin korona, abin ya kai inda ban zata ba. A wani kashi ana maganar cewa Aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa, sai tagwayen suka tambaya, to wanda ba shi da uwa fa? Wani abokinsu mai suna Fizi, wanda dama bakinsa ba linzami, ya ce ai shi ke nan, babu Aljanna. Jama'a suka yi ca. Daga Maleshiya har Indonesiya aka yi ta zagin yaron da babu shi a duniya, har sai da kamfanin ya fitar da bidiyo Fizi yana ba da haƙuri. Da farko dariya na yi, na ce wa matata waɗannan mutane ba su da aikin yi. Daga baya na sake tunani. Ƙasa guda ce ta tsaya tana tattauna yadda ake yi wa maraya magana, kuma yara suna ji. Wa'azi nawa za a yi kafin darasin ya shiga kunnen ɗan shekara shida kamar yadda ya shiga ranar?

Kada wani ya ce mu ba mu san wannan shauƙin ba. Mu da muka tashi a Jos wajen ƙarshen shekarun 1980 mun san yadda ake cika ɗakin mai talabijin ɗaya tilo a layi, a zauna ana kallon allo mai layi-layi ana jiran tasha ta buɗe da ƙarfe huɗu. Voltron ne gwaninmu, zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗewa su zama ƙato ɗaya mai takobi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, sai ka ji unguwa ta ɗauki salati. Washegari a hanyar makarantar allo a yi ta gardamar wa zai zama baƙin zaki, har a ba hamata iska. Muna zana su da gawayi a bangon makwabta, muna gina su da lakar bakin rafin Dilimi, muna yin motocinsu da karan dawa da gwangwanin madara. Ni kaina na sha bulala shida a aji huɗu a kan zaki ɗaya da na zana a bayan littafin Turanci. Malamin ya ɗaga shi sama ajin ya yi dariya, sannan ya ce in miƙo hannu. Tun ranar ban sake zana komai ba sai taswirar Najeriya.

Ke nan gardamar muna da ita, hannun ma muna da shi. Inda muka rabu da su wuri biyu ne. Na farko, yaron can in ya ɗauki fensir, gidansu yake zanawa: kaka mai ɗankwali, gidan katako a kan turaku, soyayyar kaza, masallacin ƙauye. Namu kuwa fuskar wasu yake kwafa, domin ita ya gani tana motsi. Ɗan yayana ya san sunan ƙauyen da jarumin Japan ɗin nan ya fito, amma da na tambaye shi sunan matar Gizo sai ya yi shiru yana kallona. Ban ga laifinsa ba. Wa ya zauna ya ce masa "ga ta nan, ga ta nanku"? Uwarsa tana kallon fassarar Indiya, ubansa yana majalisa, kakar da za ta yi masa tatsuniya ta rasu. Na biyu, can in yaro ya yi zane ana cewa "kawo mu gani", mu kuma muna cewa "wa ya aike ka".

Na san abin da wasu za su ce, domin Yaya ya faɗa mini shi da daren ranar: zanen abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma sun yi bayani a kanta, har da bambancin da ke tsakanin gunki da hoton takarda da abin wasan yara. Duk wanda ya bar zane don tsoron Allah, ina girmama shi. Amma na ce wa Yaya, "Yaya, ba ni wayarka." A ciki akwai katun ɗin Omar & Hana kusan kashi talatin, wanda ya tura wa ƙaramar 'yarsa don ta koyi addu'ar cin abinci da ta barci. Shi ma daga Maleshiya yake. Na ce, "To wannan aljanu ne suka zana shi? Ɗan wani ne, Musulmi kamarka, wanda ubansa bai yaga masa takarda ba." Ya ce in bar shi da surutun 'yan boko. Amma ya yi dariya, kuma a gidanmu in Yaya ya yi dariya to magana ta shiga.

Gaskiyar ita ce yawancinmu ba don addini muke yagawa ba. Tsoron talauci ne. Uba yana ganin mai zane ƙarshensa rubuta allon shagon aski ko fentin bayan tirela a Bauchi Road, alhali yana so ɗansa ya zama likita. Tsoron yana da hujja. Sai dai labarin kamfanin da ya yi tagwayen nan ya kamata masu kuɗinmu su ji shi. Wasu samari ne da suka gama jami'a suka haɗu da wani dattijo, Haji Burhanuddin, wanda ya yi rayuwarsa a harkar man fetur, ya zuba kuɗinsa a 2005. Matarsa, Hajiya Ainon, ita ke tsara labaran, ita ce ma muryar kakar. Daga baya biyu daga cikin samarin suka fita suka kafa nasu, ɗaya ya yi BoBoiBoy, ɗaya ya yi Ejen Ali, duk suka karɓu. Gida ɗaya ya zama gidaje uku. Mu kuwa alhajinmu in ya tara, gidan mai zai ƙara ginawa kusa da na maƙwabcinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin da ake yaga takardar. Jos ce fa. Nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da hedikwata, nan makarantar koyon fim ta ƙasa take, nan kwalejin talabijin ta NTA take a Rayfield. A gidan tarihin da aka buɗe tun 1952 akwai kawunan yumɓu na Nok da suka haura shekara dubu biyu. Wasu daga cikin fuskokin da suka yi suna a fim ɗin Hausa daga layukan nan namu suka fito. A Abuja ma, tafiyar 'yan awoyi, Adamu Waziri ya yi katun ɗin Bino and Fino tun wajen 2010, wa da ƙanwa 'yan Najeriya, ya nuna abin yana yiwuwa. Yara nawa ne a Gangare ko Rikkos suka taɓa ganinsa?

Ba komai na can nake yabawa ba. An mai da tagwayen nan haja: jaka, man goge baki, gorar ruwa, takalmi, duk da fuskarsu, kuma 'yata ta iya tsayawa a kanti ta ƙi motsi sai an saya. Na kuma je babban taron masu zane da ake yi duk Disamba a Kuala Lumpur, na ga abin burgewa, yara 'yan sakandare sun kafa tebur suna sayar da zanensu, na kuma ga zanen da na juya kan 'yata kada ta gani. Gardin da ya sa kayan katun yana yawo da takobin roba har yanzu bai zauna mini ba, ƙila tsufa ne.

Amma akwai abu ɗaya da nake yi musu hassada a kai, kuma ɗan Jos ne kawai zai gane zafinsa. Abokan tagwayen sun haɗa da 'yar Sinawa, da ɗan Indiya mai ɗaurin gashi a ka, da wata baƙuwa daga Indonesiya. Suna zuwa gidan juna ranar bikin kowa, suna cin abinci, suna faɗa su shirya. Haka na tashi. Abokina na aji uku ɗan Birom ne, uwarsa tana aiko mana da shinkafar Kirsimeti, Inna tana aika musu da naman layya. Bayan rikicin Satumbar 2001 gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Ɗan yayana an haife shi a Unguwar Rogo, kuma akwai unguwannin da ba su fi tafiyar minti goma a Keke ba da bai taɓa takawa ba. In da akwai katun na yara huɗu 'yan Jos, masu rigar sanyi da kaushi a ƙafa lokacin hunturu, suna tashe da azumi, suna satar tumatir a Farin Gada, suna hawan duwatsu, da aƙalla ya ga garin da ubansa ya sani.

Kafin mu taso na saya masa littafin zane mai shafi arba'in da fensir masu launi dozin ɗaya, na damƙa a gaban ubansa don kada a ce an yi a ɓoye. Sharaɗi ɗaya na sa: shafi ɗaya na jarumansa, shafi ɗaya na abin da ya gani da idonsa. Ya ce, "Baffa, ai babu abin zanawa a nan." Na ce ya dai duba.

Makon jiya uwarsa ta turo mini hoto ta WhatsApp. Mai shayin bakin layinsu ne, ya ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani, da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai a gabansa, har da kyanwar nan mai ido ɗaya da ke kwana ƙarƙashin bencin. Sai dai ya yi wa mai shayin gashi tsaye irin na Japan, kuma wuta ce ke fita daga butar. A ƙasa uwar ta yi mini saƙon murya, ta ce launin ja ya ƙare, kuma mai shayin ya ga zanen ya ce sai an gyara masa hanci kafin ya yarda a manna a rumfarsa.