Kafin ka ɗaure kaya: nasiha ga masu aikin sa-kai a ƙasar mutane

Ƙannena da kuke shirin tafiya, da ku da kuke can wa'adinku ya kusa cika, ku ba ni aron kunnuwanku. Kowa yana koya muku yadda ake isa, fasfo da allurar rigakafi da irin tufafin da za a ɗauka. Ban ga mai koya muku yadda ake barin gari ba, alhali a nan ne mutunci ya fi zubewa.

Shekara 2 na yi ina koyar da lissafi a wani ƙauye kusa da Farafenni, a ƙasar Gambiya, ƙarƙashin shirin TAC. Shi ne shirin da gwamnatin Babangida ta kafa a 1987, take tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da na Karebiyan da tsibiran Fasifik. Ranar da na sauka aka kai ni gaban alkalo, wato dagacinsu, kafin sati ya zagayo an raɗa mini suna irin nasu. Daga nan na shiga wasan da ke tsakanin dangi da dangi, irin wanda muka sani tsakanin Fulani da Barebari. Kwano ɗaya muke sa hannu, yau domoda, miyar gyaɗarsu, gobe benachin, dafa-dukar shinkafarsu. Da yamma a kafa ataya, wato shayinsu, ba mai tashi sai an sha zagaye na uku. Mutanen da suka riƙe ka haka, ba ka sulale musu da asuba kamar wanda ya ci bashi.

Amma na ga wanda ya yi hakan. Wani abokin aikinmu ya ce ba zai iya jure koke-koke ba, ya kama mota tun kafin gari ya waye, daga Banjul, babban birnin ƙasar, ya turo saƙon waya. Tsohuwar da ta shekara biyu tana dafa masa abinci ta yi ta tambaya ko laifi suka yi masa. Shi ya sama wa zuciyarsa sauƙi, ita ya bar ta da zargin kanta. Sabo ake yi wa kuka, ɗan'uwa. Ka tsaya a yi kukan da kai.

Sallama ba ta kwana ɗaya ba ce. Tun saura wata uku ka fara sanar da mutane ranar tafiyarka. Ka bi gida-gida da ƙafarka: alkalo, liman, mai shagon da kake karɓar burodi da sukari a rubuta, mai wankinka. Ko dalasi 5 na kuɗinsu ake bin ka, ka biya. Aikin da ke hannunka ka danƙa shi ga ɗan gari tun kana nan, ka zauna gefe ka ga ya riƙe shi. Yaran da za su zauna jarrabawar WAEC, irin wadda mu ma muke yi, kada a bar su a tsakiyar manhaja ba wanda ya san inda aka tsaya.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne alkawari, domin a nan ni kaina na faɗi. Daren ƙarshe zuciya ta yi laushi, baki ya saki. Wani ɗalibina mai kaifin ƙwaƙwalwa, ɗan manomin gyaɗa, na dafa kafaɗarsa na ce zan nemo masa gurbin karatu a jami'a a Najeriya. Da gaske nake lokacin. Na dawo gida, neman aiki da hidimar iyali suka sha kaina. Yaron ya riƙa kira, ina cewa ana kan hanya, har ya daina. Daga baya na ji ya ƙi shiga kwalejin horar da malamai a shekarar, yana jirana. Ni na yi magana ce ta daren rabuwa, shi kuwa ya ɗora rayuwarsa a kai. Har yau abin yana ci mini rai. Don Allah kada ku ce za ku aiko da biza, ko kwamfuta, ko kuɗin gina aji, sai abin yana hannunku. Ka ce za ka yi addu'a, ka ce za ka kira ranar Tobaski, babbar sallarsu, sannan ka kira ɗin.

Ku kula da rabon kaya ma. Katifa da fanka da tukunyar gas suna iya haɗa maƙwabta faɗa bayan ka tafi. Ka shawarci mai gidanka, a raba a sarari, kada ka yi wa mutum biyu alkawarin abu ɗaya. Kuma ka tuna ba sunanka kaɗai ka bari ba. Wanda za a turo bayanka, "ɗan Najeriya" za a kira shi, da abin da ka shuka za a tarbe shi.

Safiyar da zan tafi, na durƙusa gaban mai gidana na nemi gafarar duk abin da na yi musu, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ya ce sun yafe, su ma in yafe musu. Da na miƙa masa hannun dama sai ya ƙi karɓa, ya miƙo mini na hagu. A al'adarsu haka ake sallamar mai doguwar tafiya: an yi gaisuwa ba daidai ba, dole wata rana a sake haɗuwa a gyara. Ina tara kuɗin mota, in Allah ya yarda zan koma in ba shi na dama, in kuma nemi yaron nan ido da ido in roƙe shi gafara.