Ƙannena masu digirin kimiyya, ku waiwayi cututtukan fangas

Assalamu alaikum. Maganar nan tawa da ku ce, ƙannena na Agege da Idi-Araba da Mile 12, waɗanda suka karanta ilimin ƙananan halittu ko aikin gwaje-gwajen asibiti, suka gama bautar ƙasa, amma yau takardar tana ƙasan akwati, su kuma suna zaman shago. Neman halal ba abin kunya ba ne, Allah ya sa albarka. Abin da ke damuna shi ne akwai fannin da ke kukan rashin ma'aikata, wato na cututtukan fangas (ƙananan halittu dangin funfuna), ku kuma ko kallonsa ba ku yi.

Da an ce fangas, tunaninmu makero ne a kan yaro, ko farin da ke fitowa a bakin jariri. Nima haka na ɗauka, har sai da wani kawuna ya sha maganin tarin fuka na wata shida, ya warke, sannan tarin ya dawo da jini. Aka sake ɗora shi a kan maganin. Ya rame har ba ka son kallonsa. Daga baya ne gwajin jini ya nuna wani nau'in fangas mai suna Aspergillus ne ya yi gida a cikin ramin da tarin fukan ya bari a huhunsa. Maganin da ya yi ta haɗiya ba ya taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan.

Irin su kawu suna da yawa. Akwai Cryptococcus, mai haddasa sanƙarau ga masu ƙanjamau idan garkuwar jikinsu ta faɗi ƙasa sosai. Ana iya gano shi da ɗan tsinken gwaji cikin minti goma, amma sai an sami wanda ya san ya kamata a nema. Akwai Candida auris da aka fara ganowa a Japan a 2009, mai manne wa gadaje da kayan asibiti, mai taurin kai ga magunguna. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fangas 19 mafi haɗari, waɗannan ukun duk suna sahun gaba.

Tambayar da ta fi jan hankalina ita ce ta garkuwar jiki. Kullum ni da ku muna shaƙar ƙurar Aspergillus, musamman a damina irin ta Legas da bango ke yin funfuna, amma ba ma kwanciya. Me ya sa? Wasu ƙwayoyin da ke gadin jikinmu suna ɗauke da wani abu da ake kira Dectin-1, wanda ke gane sinadarin bangon fangas ya tada faɗa. A 2001 masana kimiyya Gordon Brown da Siamon Gordon suka bayyana wannan aikin nasa. Idan ciwon suga ko maganin ciwon daji ko yawan amfani da sitiroyid ya raunana masu gadin, sai baƙon ya shige. Kuma da yake ginin ƙwayar fangas ya yi kama da na ƙwayar ɗan Adam, samun maganin da zai kashe ta bai cuci mai shi ba yana da wuya. Shi ya sa rukunin magungunan ba su da yawa, kuma har yau babu allurar rigakafi ko ɗaya da aka amince da ita.

Kada ku ce sai a Turai ake irin wannan bincike. Gwajin AMBITION, wanda ya nuna allura ɗaya mai ƙarfi ta maganin fangas mai suna amphotericin haɗe da ƙwayoyin sha na mako biyu tana maganin sanƙarau na Cryptococcus, a Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe aka yi shi. A nan gida kuwa, Farfesa Rita Oladele tana wannan fannin a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas, nan Idi-Araba, inda wasunku ke wucewa kullum. Cibiyar Binciken Likitanci ta Najeriya (NIMR) kuma tana Yaba.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo. Digiri na biyu, na uku, neman tallafi a hana ka, ka shuka ƙwaya a faranti ka jira makonni, wani lokaci wuta ta ɗauke aikin ya lalace. Abokanka na kasuwa za su riga ka sayen mota. Amma kana da abin da wasu ba su da shi, wato Hausa: dattijuwar da ta zo daga Sakkwato ba ta jin Turanci ko Yarabanci za ta faɗa maka ciwonta da bakinta, ta kuma fahimci dalilin ɗibar jininta kafin ta amince. 'Yan mata, wannan ya fi shafar ku, domin akwai larurar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba.

Don Allah a wannan makon ku fito da takardun nan, ku karanta bincike ɗaya a kan cutar da ta fi taɓa ku, sannan ku rubuta wa malami a sashen da ke wannan aiki cewa kuna son koyon duba samfur a madubin likita, ko da kwana biyu a mako ne.