Zinarin Sudan yana samun hanya, mutanenta ne ba sa samu

'Yan'uwa, yau kan Sudan zan yi magana, kuma zan ɗan ja ta da tsawo. Wanda yake sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, janar biyu suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Khartum: Abdel Fattah al-Burhan mai riƙe da sojojin ƙasa, da Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, shugaban dakarun ɗaukin gaggawa na RSF. Su biyun nan ne suka haɗa kai a Oktoban 2021 suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta farar hula, sannan rabon ganima ya raba su. Daga ranar zuwa yanzu fiye da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu. Kusan rabin al'ummar ƙasar na fama da matsananciyar yunwa. Majalisar Ɗinkin Duniya da bakinta ta ce babu inda yaƙi ya tarwatsa mutane a duniyar yau kamar Sudan.

Ana yawan cewa duniya ta manta da wannan yaƙin. Ni ban yarda ba. Duk wani abu mai daraja da ke fitowa daga Sudan, masu buƙatarsa suna sane da shi sarai, kuma bai daina isa hannunsu ba.

Ɗauki zinari. Hemedti bai zama Hemedti ba sai da yaransa suka ƙwace ma'adinan Jabal Amir a Darfur ta Arewa a 2017. Asalinsa ɗan Janjawid ne cikin 'yan Janjawid, irin waɗanda tsohon shugaban ƙasa Umar al-Bashir ya ba makamai suka ƙone ƙauyukan Darfur daga 2003, daga baya a 2013 ya ɗinka musu kaki ya ba su sabon suna, RSF. Kuɗin zinari, da kuɗin hayar mayaƙan da aka tura Yaman su yi wa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa faɗa, su suka mai da rundunar ƙauye ta zama mai iya ja da sojojin ƙasa. Yau kuma ina zinarin yake zuwa? Mafi yawan wanda aka fitar da takarda a 2024, daga yankin sojoji, Dubai ya sauka. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ta ƙasashen maƙwabta ma akasari can yake ƙarewa. Wato ɓangarorin biyu da ke kashe juna kasuwa ɗaya suke ci. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Daular na tura wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass na gabashin Chadi zargi ne mai tushe. Daular ta musanta, tana kuma ci gaba da musantawa. Sudan ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague, a Mayun 2025 kotun ta ce ba ta da hurumi, aka naɗe tabarma ba tare da an saurari shaida ko ɗaya kan gundarin maganar ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke sojoji ne. Jiragensu sun yi ruwan bama-bamai a kasuwanni da unguwanni, Masar na bayansu, an kuma ba da rahoton jirage marasa matuƙi na Iran da Turkiyya a hannunsu. Amurka ta ƙaƙaba wa Hemedti takunkumi a Janairun 2025, ta ce dakarunsa sun aikata kisan ƙare dangi, bayan 'yan kwanaki ta ƙaƙaba wa Burhan nasa. A Nuwamban 2024 kuwa Ingila da Saliyo sun kawo ƙudurin kare farar hula a Kwamitin Sulhu, ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. Kowa da ɗan hannunsa a cikin akushin.

Sai ƙaro. I, ƙaron nan da almajiri ke jefawa cikin tawada don ta kama allo, wanda ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa. Sudan ce ke samar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi, kuma yana cikin lemun kwalba, da alewa, da magunguna, da kayan kwalliya. Lokacin da Amurka ta sa wa Sudan takunkumin tattalin arziki a 1997, kusan komai aka toshe, amma aka nema wa ƙaro kafa, domin manyan kamfanoni ba za su iya yi ba sai da shi. Ku dubi wannan da kyau. Ƙasa za ta iya zama abar ƙyama, a hana ta kayan gyaran jirgi da hulɗar banki, amma ɗan abin da ke riƙe ɗanɗanon lemo dole ya wuce. Har yau yana wucewa, wani ta Port Sudan, wani a ɓoye ta kan iyakoki.

To mutane fa?

Kimanin mako guda da fara yaƙin ƙasashe masu ƙarfi suka aiko jiragen soja suka kwashe jami'ansu. Ban ga laifinsu ba, kowa nasa ya sani. Amma akwai 'yan Sudan da suka miƙa fasfonsu a ofisoshin jakadanci suna jiran biza. Aka rufe ofisoshin aka tafi. Wasu fasfunan an bar su kulle a ciki, a ofishin Amurka kuwa lalata su aka yi kafin a tashi, wai ƙa'idar aiki ce. Mutum yana jin harbi a bakin ƙofarsa, takarda ɗaya tilo da za ta fitar da shi daga ƙasar an yayyaga ta a ofishin da ya amince wa. Ba a daɗe ba Masar, inda a da mata da yara da tsofaffin Sudan ke shiga ba biza, ta ce kowa sai da biza.

Ku gwada da Yukren. Rasha ta shiga ranar 24 ga Fabrairun 2022, zuwa 4 ga Maris Tarayyar Turai ta buɗe ƙofa: izinin zama, izinin aiki, makaranta, asibiti, ga mutum sama da miliyan 4. Wallahi ba na baƙin ciki da wannan, abin da ya kamata a yi wa duk mai gudun yaƙi ke nan. Abin da ya nuna mini shi ne ana iyawa idan an so, kuma cikin kwana 10. Ita wannan Turan ce a 2014 ta ƙaddamar da shirin daƙile baƙin haure mai ɗauke da sunan Khartum, ta zauna da gwamnatin Bashir, mutumin da kotun manyan laifuka ke nema ruwa a jallo, don a tare matafiya kafin su kai Libiya. Hemedti ya sha fitowa yana tutiya cewa yaransa ne ke yi wa Turai gadin hamada.

Wa ya karɓi 'yan Sudan ɗin? Chadi, da Sudan ta Kudu, da Masar, da Habasha. Talaka ne ya goya talaka. Adre ƙaramin gari ne a kan iyakar Chadi, yau baƙin da ke cikinsa sun ninka 'yan gari sau da yawa. Akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit ne da suka tsero daga El Geneina, babban birnin jihar Darfur ta Yamma, a 2023, inda masanan Majalisar suka ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a gari ɗaya. Gwamnan jihar, Khamis Abakar, ya fito a talabijin yana neman agaji, bayan sa'o'i kaɗan aka kama shi aka kashe.

Ga wani lissafi da ya tsaya mini a wuya. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dala biliyan 2.7 don agajin cikin Sudan, ta yi ta bara shekara guda ba ta samu duka ba. A shekarar nan dai duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 a harkar soja. Ninki dubu cif. A watan Agustan shekarar aka tabbatar da fari na yunwa a sansanin gudun hijira na Zamzam, kusa da El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa. A cikin El Fasher, da ƙawanyar da RSF ta yi wa garin ta yi tsanani, iyaye mata sun koma dama wa 'ya'yansu tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi, ita ma har ta yi tsada. Bayan kimanin wata 18 garin ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025. Masu bincike na jami'ar Yale sun duba hotunan tauraron ɗan Adam suka ga alamun gawawwaki da jan ƙasa mai kama da jini. Daga sararin samaniya ake hango abin, babu mai cewa bai sani ba.

Waɗanda suka riƙe mutane da rai a duk tsawon nan samarin unguwa ne da mata. Suna kafa tukwane a harabar masallaci ko makaranta, su dafa wake ko adas da kuɗin da 'yan'uwa na waje suka turo ta waya, jama'a su yi layi da kwanuka, sau ɗaya a rana. Takaya suke ce musu, gadon zawiyoyin sufaye. Kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa ɗayan leƙen asiri, an kama wasu, an kashe wasu. Da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, ɗaruruwan waɗannan tukwane suka mutu cikin 'yan makonni. Sa hannu ɗaya a Washinton, murhu ya huce a Omdurman.

Yanzu bari in dawo gida, domin nan ne abin ya fi yi mini ciwo.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce a wurinmu. Ita ce hanyar Makka ta kakanninmu, masu tafiya a ƙasa shekara da shekaru, su tsaya su yi aikin auduga a Jazira don su tara guzuri, da yawa su zauna ke nan. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Jikokinsu na nan suna jin Hausa. Malamanmu da alƙalanmu da likitocinmu nawa suka yi karatu a Khartum? A Mayun 2023 mun ga ɗalibanmu suna sauka Abuja bayan sun kwana kwanaki a kan iyakar Masar, muka yi hamdala. Da jirgin ƙarshe ya sauka, sai muka rufe littafin.

Mun yi wa Gaza alƙunut, mun yi gangami, mun ƙaurace wa kayayyaki, kuma daidai muka yi. Amma sau nawa ka ji an ambaci El Fasher a huɗubar Juma'a? Ina ganin dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Sudan wanda ke harbi Musulmi ne, wanda ake harbi Musulmi ne, wanda ake zargi da biyan kuɗin harsashi Balarabe ne a ƙasar da attajiranmu ke sayen gidaje, 'yan siyasarmu ke zuwa hutu, matanmu ke zuwa sarin gwal da abaya. Labarin ba shi da mugun da ya dace da abin da muka saba. Ga kuma batun launin fata, wanda ba ma son taɓawa: a Darfur ana tsayar da mutum a tambayi ƙabilarsa kafin a harbe shi, ana kiransa bawa. Idan mu baƙaƙen Afirka muka yi gum a kan wannan, da wane baki za mu tuhumi Bature da zaɓen wanda zai tausaya wa?

Wani zai ce mu ma muna da namu, ga Zamfara ga Katsina ga Borno. Gaskiya ne. Amma ai shi ya sa ya kamata mu buɗe ido. Gwamnati ta ba 'yan sa-kai na ƙabila makamai don ta murƙushe tawaye cikin araha, 'yan sa-kan suka samu ramin zinari, suka samu mai saye a waje, bayan shekara 20 suka kori gwamnatin daga fadarta. Wanda ya san abin da ke faruwa a dazukan Anka da Maru ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Limamanmu su kira sunan garuruwan nan a kan mumbari. 'Yan jaridarmu na Hausa su nemo mutanen Mai Wurno da Damazin da Kassala su ji daga bakinsu, tunda harshe ɗaya muke yi, ba sai mun jira an fassaro mana daga Landan ba. 'Yan majalisarmu su tambayi ma'aikatar harkokin waje me Najeriya ta faɗa wa Abu Dabi da Alƙahira a kan Sudan, in ma ta faɗi wani abu. Mai ɗan hali ya binciki amintacciyar hanyar da kuɗinsa zai kai ga masu tukwanen nan. Faɗan ya koma Kordofan yanzu, kuma garuruwan da ke can suna kan layin abin da ya sami El Fasher.