Ƙaramin kududdufi ma yana cin gona

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na dawo Aboabo daga wajen kawuna da ke noman koko a wani ƙauye bayan Dunkwa, kuma har yau abin da na gani bai bar raina ba. Sama da gonarsa, a kan gangara, masu haƙar zinariya sun tara ƙasa sun yi ganuwa, suka tare ruwan wankin zinariya. Ganuwar ba ta fi tsayin mutum biyu ba. Da ruwan sama ya yi ƙarfi sai ta ɓalle ta gefe guda, jan taɓo ya kwanta a gindin itatuwansa har gwiwa. Na ce, "Kawu, kafin ta ɓalle ba wani ma'aikacin hukuma da ya taɓa zuwa ya duba ta?" Ya ce shi dai bai taɓa ganin kowa ba.

Shi kududdufin ba abin ƙi ba ne, a fahimce ni. Amfaninsa shi ne ruwan da ya kwaso laka daga wurin haƙa ya tsaya ya huta, lakar ta kwanta a ƙasa, ruwan da ya tace ya bi mafitarsa ya wuce rafi. In babu shi, lakar kai tsaye za ta faɗa kogin Offin, Offin kuma ya kai ta kogin Pra. Amma yana son kula. Kullum laka na taruwa, wurin zaman ruwa na raguwa, in ba a yashe ba ranar da hadari ya sauko ruwa zai haura ta kan ganuwa ya cinye ta. Ganuwar da ba a daddaɓe ta ba kuwa, ruwa ta ciki yake tsatsa har ya huda ta.

To wa ke dubawa? A duniya yawanci da girma ake raba wannan aiki. Hukumar manyan madatsun ruwa ta duniya, ICOLD, tana kiran dam babba in tsayinsa ya kai mita 15, ko kuma yana tsakanin mita 5 da 15 amma yana riƙe da ruwa sama da lita biliyan 3. A Amurka, a wuraren haƙar kwal, kududdufin da ruwansa ya kai ƙafa 20 a jikin ganuwa, ko ya kai ƙafa 5 kuma yana ɗaukar kusan lita miliyan 25, dole injiniya ya zana shi, hukuma ta amince, a riƙa duba shi duk kwana bakwai. Ba haka kawai suka farka suka tsaurara ba. A 1972 madatsar ruwan wankin kwal ta fashe a Buffalo Creek, mutum 125 suka mutu.

Na yarda akwai hikima a wannan awo. Masu duba ba su da yawa, dole su fara da inda ɓarna za ta fi girma. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a dokar Amurkan shi ne ƙofa ta uku da suka bari: ko kududdufi bai kai awon ba, in jami'in yankin ya ga yana da haɗari ga ma'aikata, sai ya shigar da shi ƙarƙashin dokar. Wato su ma sun san tsayi kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Bayan fashewar madatsar dattin ma'adinai a Brumadinho ta Brazil a 2019, inda mutum 270 suka rasu, ƙa'idar duniya da aka fitar a 2020 kan madatsun dattin ma'adinai ta karkasa su ne bisa abin da zai salwanta in sun fashe, rayuka nawa, gonaki nawa, ruwan shan su wa.

Nan ne nake ganin muna da giɓi a Ghana. Dokoki muna da su. Akwai dokar ma'adinai ta 2006, akwai hukumar ma'adinai Minerals Commission da masu dubanta, akwai hukumar kare muhalli EPA, akwai hukumar kula da ruwa Water Resources Commission. Manyan madatsun kamfanonin zinariya na Obuasi da Tarkwa suna da injiniyoyi da rahotanni, idon duniya na kansu. Amma mai ƙaramin lasisi fili ne da bai wuce eka 25 ba ake ba shi, kududdufinsa ƙarami ne, ɗan galamse kuwa, wato mai haƙa ba da izini ba, ko takarda ba shi da ita. Kowanne in ka auna shi kaɗai sai ka ce bai kai a damu ba. Jera ashirin a kan rafi ɗaya, kowanne a saman ɗan'uwansa, na sama ya ɓalle ya faɗa wa na ƙasa, ka gaya mini ƙarami ne. Ai da ɗigo-ɗigo tulu ke cika.

Mu da ke Kumasi kada mu ɗauka abin na ƙauye ne. Ruwan famfon da muke alwala da shi, mafi yawansa daga dam ɗin Barekese yake zuwa, Barekese kuwa a kan Offin aka gina shi. Kuma yaran da ke tsaye a cikin ramukan nan, da yawa ƙannenmu ne daga zango.

Abin da nake roƙo shi ne a riƙa tambayar wa ke kwana a ƙarƙashin ganuwa kafin a tambayi tsayinta. Duk kududdufin da ke da gida, ko gona, ko mashayar ruwa a ƙasansa, a rubuta shi a littafin majalisar gunduma, a duba shi kafin damina, ko da tsayinsa bai wuce ƙugu ba. Limamanmu da sarakunan zango su ɗauki maganar zuwa wajen 'yan majalisa.

Kawu yana can yana kwashe taɓo da shebur daga gindin koko. Waɗanda suka yi ganuwar sun sake tara ƙasa a inda ta ɓalle, ruwa ya fara taruwa.